Ɗanyun Hotunan Malam

Gwaggonku Hassi ta daɗe tana ba jikokina labarin shekarar da babanku ya rasu, kuma tana ba da shi yadda zai yi mini daɗi. Takan ce na tsallaka hayin ƙasar Benin ne don in cika wa wata tsohuwa burinta tana kan gargarar mutuwa. Na sha jin ta daga ɗaki ina yin shiru, domin nata labarin ya fi nawa kyau. Yanzu idona ya fara raguwa, yatsun ma ba su da saurin da, sai na ga gara in zauna in buga muku shi da hannuna yadda ya faru. Dukanku nake yi wa, amma ke Asma'u na fi nufi, da kai Nura, wanda zan rubuta sunansa yau ko da yake bakina bai saba kiransa ba, kasancewarsa ɗan fari.

Kun san na yi shekarun aikina ina buga tafireta a sakatariya nan Bagudo. Da aka kawo kwamfuta ofis, yatsuna sun karɓi madannan ba gardama, amma ni da maus ba mu taɓa shiri ba. In na tura shi gabas kibiyar ta yi arewa, in na danna sau biyu ta ce sau ɗaya na yi. Haka na lallaɓa har na yi ritaya, na dawo gida da niyyar ba zan sake taɓa ta ba.

Babanku kuwa malamin dabbobi ne, rabin rayuwarsa a kan babur ya yi ta, daga wannan ruga zuwa waccan yana yi wa shanu allura. Makiyaya ba su san iyaka ba, shi ma da ya bi su sai ya daina saninta. Wata shekara ya sayo tsohuwar kyamara a hannun wani ɗan kasuwa da ke ɗauko kaya daga Kwatano. Duk rubutun cikinta Faransanci ne, kuma wanda ya fara mallakarta ya saita ta a kan wani irin hoto mai nauyi da waya ba ta buɗewa. Malam bai taɓa gano inda ake sauya saitin ba. Yakan kira su ɗanyun hotuna, ya ce sai an dafa su kafin ido ya ci. Wani takwaransa na hayin Benin ne ya sa masa manhajar da ke juya su a kwamfutarsa, ya rubuta masa yadda ake yi. Amma Malam mutum ne mai ɗauka, ba mai zama ba. Yakan dawo da yamma ya juye kyamarar a kwamfuta, ya ce in ya huta zai dafa su duka ya rarraba wa masu su. Bai huta ba har ranar da ya dawo daga wajen Zagga da bazara yana cewa ƙirjinsa ya yi nauyi. Ya kwanta a tabarma ƙarƙashin darbejiya, ya ce in kawo ruwa. Da na kawo, ya riga ya tafi.

Cikin masu zuwa gaisuwa akwai wata tsohuwar Bafillatana, doguwa, siririya, mai suna Pendo. Bayan sadakar bakwai ta iso, da ƙwaryar nono a ka, ta ce sai a kasuwar Lolo ta ji labari. Ta zauna bakin ƙofar ɗakina ta yi addu'a, ta daɗe ba ta tashi ba. Sai da mata suka ragu ta matso ta gaya mini ɗanta Sambo ruwa ya ci shi daminar da ta wuce, yana tsallakar da shanu.

"Matar Malam," in ji ta, "Malam ya ɗauki Sambo hoto, shi da farin bijiminai, bakin gulbi. Ya ce mani in ya dafa shi zai kawo. Ban zo tambaya ba, gaisuwa na zo. Amma in kin gane shi wata rana."

Na ce mata to, irin to ɗin da mai takaba ke ce wa kowa. Ta kwatanta mini shi: yana da tabo a gira ta hagu, bijimin kuma ƙahonsa ɗaya ya karye daga tsakiya. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Takaba doguwa ce ga wadda ta saba fita. Baƙi suka ɗauke ƙafa, ku kuka koma wuraren aikinku, gidan ya rage daga ni sai Hassi, ƙanwar babanku, da ta zo taya ni zama. Wani hantsi ina gyara akwatinsa na ci karo da ƙaramin littafin rubutu mai warin maganin shanu. A shafi na uku akwai layuka da rubutun wani baƙon hannu, ƙarƙashin kowane layi kuma rubutun Malam da Hausa yana bayani. Na ɗauko kwamfutar na jona ta da solar gidan, na bi abin da ya rubuta. Sai wani baƙin allo ya buɗe, babu hoto, babu kibiya, babu abin nunawa, sai ɗan farin layi a kusurwa yana ƙiftawa yana jira. Malam ya rubuta cewa a nan ba a nuni, faɗa mata ake yi. A fara buga sunan manhajar, a bar tazara, a buga sunan ɗanyen hoton, wanda lamba ce kawai, a sake barin tazara, a buga sabon suna mai ƙarewa da ɗigo da haruffa uku, jpg. In ana so ya shiga ƙaramar waya, akwai wata kalma da ake sawa a tsakiya ta rage masa girma. Na dubi allon na ji kamar an mayar da ni teburina na da, an ɗaura mini farar takarda, illa wannan baƙa ce. Sau biyu ta ƙi ni saboda na manta tazara. A karo na uku na danna babban maɓalli, ta yi shiru na ɗan lokaci, layin ya sauko ƙasa ya ci gaba da ƙiftawa kamar ba abin da ya faru. Na buga umarnin buɗewa yadda ya rubuta. Sai ga shanu cike da allo, jajaye da farare, tsaye cikin ruwa har gwiwa, hazo na tashi daga gulbi da safe, wata saniya ta juyo tana kallona. A ƙasan hoton, kan yashi, akwai inuwar mutum mai hula, ya ɗaga hannuwa biyu zuwa fuskarsa.

Na san hular. Na zauna ina kallon inuwar nan har Hassi ta leƙo ta ce tuwon ya huce.

Daga ranar na sami wurin zuwa ba tare da na taka ƙofar gida ba. Kullum in rana ta ɗaga, sola ta kama, sai in shimfiɗa tabarma kusa da taga in buɗe baƙin allo. Hotunan sun fi dubu, ba suna, ba kwanan wata da zan gane, lamba kawai na bin lamba. Nakan dafa ɗaya, in buɗe, in zauna da shi. Wani lokaci ruga ce da hayaƙi ke tashi daga bayan bukka, mata na jere ƙore a rana. Wani lokaci gonar shinkafa ce a fadama, kore shar har ƙarshen gani, da farar balbela ɗaya a tsakiya. Akwai tsofaffi da suka gyara rawani suka ƙame, akwai amarya da ta rufe baki tana dariya, akwai kwale-kwale da aka ɗora wa babur da akuya biyu. Babanku ba ya cikin ko ɗaya, tunda shi ke ɗauka, amma na koyi nemo shi. Ga babur ɗinsa jingine da tsamiya can gefe. Ga jakar allurarsa rataye a reshe. Ga ɗan yatsansa ya rufe kusurwa. Shekara talatin da wani abu yana fita da safe yana dawowa da yamma, in tambaye shi ya hanya ya ce lafiya, ashe duk wannan duniyar yake ratsawa ya dawo. Ban taɓa sanin yana tsayawa don ya kalli tsuntsu ba. Har na kai in na rufe ido bayan azahar, sai in ji kamar ina bayan babur ɗinsa, ruwa na sheƙi ta hagu, ƙararrawar shanu na tahowa daga wani wuri da ban gani ba. Hassi takan ce na yi magana ni kaɗai. Wataƙila na yi.

Ga abin da nake so ku sani, domin a nan ne labarin Hassi ya rabu da nawa. Na riƙa gaya muku a waya cewa aikin mai yawa ne, sai a hankali. Ba haka ba ne. Nura ya zo duba ni wata biyu da rasuwar, ya tsaya a kaina yana kallon yadda nake bugawa, ya ɗauki littafin ya juya shafi. Ya nuna mini layi na ƙarshe, wanda na gani tun ranar farko na tsallake shi.

"Inna, kin ga wannan alamar tauraron? In kika sa ta a madadin lamba, duka za ta juya su a tashi ɗaya. Kafin la'asar an gama. Ki bari in yi miki yanzu."

Na karɓe littafin daga hannunsa na ce ya bar mini kayana. Ya ɗauka tsoro nake ji kada a ɓata wani abu, ya yi ta yi mini bayani cewa na asalin ba za su taɓu ba. Ni kuwa na fahimta sarai. Abin da na ji tsoro shi ne a gama. Muddin akwai lambar da ban buga ba, akwai wurin da Malam ya je da ban bi shi ba tukuna. Goma nake yi a rana, wata rana biyar, kuma na ƙididdige a raina cewa hakan zai kai ni nesa.

Da damina ta sauka, Asma'u, mijinki ya kawo ki gida goyon ciki, cikinki na fari yana wata bakwai. Kin zo da murnarki a cikin baƙin cikinki, kina so a yi hirar kayan jariri, a tanadi itacen wanka, a nemo kanwa da kayan yaji. Hassi ce ta yi miki duk wannan. Ina jin muryoyinku a tsakar gida, ita tana daka tana mita a kan tsadar gero, ke kina dariya kina cewa ƙafafunki sun zama na giwa. Ina jin ku kamar yadda ake jin rediyon maƙwabta. Sau nawa kika kira ni in zo in ɗora hannu in ji yana motsi, in ce ina zuwa, in buga wata lamba. Wata rana kin shigo kin zauna a gefena kin kalli hoto uku tare da ni, kin ce kyau gare su, sannan kika ce ɗakin da zafi, kika fita. Ban bi ki ba.

Saura kwana kaɗan in fita takaba na gamu da Sambo. Na gane bijimin kafin in gane shi, fari tas, ƙaho ɗaya ya tsaya a rabi. Saurayin na tsaye ya rataya hannu a wuyansa, sanda a kafaɗa, malfa ta zame baya, ga tabon a gira. Ba kyamarar yake kallo ba, wani abu yake kallo can sama da kan Malam, bakinsa a buɗe kaɗan kamar zai yi magana. A bayansa gulbin ne, shimfiɗe, lumui, ba ko igiyar ruwa. Na rage masa girma na sa a memori, na kuma aiki Hassi shago aka wanko shi a takarda. A makon ne mai kawo mana nono ta ce ta ji Pendo ba ta da lafiya, ƙafa ta hana ta zuwa kasuwa, rugarsu kuma tana can hayin Benin, bayan wani rafi.

Na fita takaba ranar wata Juma'a. Na ce ranar kasuwar Lolo zan tafi in kai mata. Nura ya ce a waya in ba mai nono ta kai. Hassi ta ce ko direban da ke zuwa Lolo a ba, ai ba a rasa wanda zai miƙa. Duk gaskiya suka faɗa. Ke kuma kina zaune a kan turmi kina jin mu, sai da suka gama kika yi magana.

"Inna, tun jiya bayana ke riƙewa. Ki bari sai wani makon."

"Wata takwas ne fa," na ce. "Da saura. Kwana ɗaya zan yi in dawo."

Kika dube ni, kika ce Allah ya kiyaye hanya. Kin san ba don Pendo kaɗai zan tafi ba, ni ma na sani. Wata huɗu ina kallon wuraren nan ta allo, ina so in taka su da ƙafata, in tsaya inda inuwar nan ta tsaya.

Tafiyar kamar a mafarki na yi ta. Duk abin da muka wuce na riga na gan shi: tsamiyar da yake jingine babur, fadamar shinkafa, mashigin da mata ke wanki. Lolo ta cika maƙil, Hausa da Dandanci da Fulatanci na haɗuwa a iska, warin soyayyen kifi da na manja. Na sami masu nono daga rugar su Pendo, suka ce in jira su sayar mu koma tare. Da la'asar muka hau babura muka tsallaka, ban ma san lokacin da Najeriya ta ƙare ba, sai da na duba waya na ga sabis ya ɗauke. Rafin da aka gaya mini, ruwansa iya ƙauri ne, muka tattare zane muka ratsa. Hadari na haɗuwa a gabas, amma ban kula ba, ina ta kallon wani dutse da na sani a hoto.

Na tarar da Pendo zaune a ƙofar bukkarta, ƙafa a kumbure, amma idonta garau. Ba gargara take ba, kada ku yarda da wannan, ta ƙara shekara biyu a duniya bayan zuwana. Muka gaisa, aka kawo mini kindirmo. Na ciro hoton daga cikin littafin Malam na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta nisanta shi, ta kusanto da shi. Ba ta yi kuka ba. Ta sa yatsa ta shafa wuyan bijimin, ta bi hannun ɗanta har kafaɗa, ta tsaya a girar. Matan rugar suka kewaye mu. Matar Sambo ta tsaya daga baya da goyo, aka matsa mata ta leƙa, ta juya ta shige bukka. Can Pendo ta ce:

"Ranar nan ina wurin. Ni yake kallo. Ina bisa tudu ina kiranai shi zo shi ci abinci, shina ce mani in dakata Malam shi ƙare."

Ta nuna mini tudun da baki, can wajen gulbi. Ta ce Malam ya sha fura a wurin ranar, ya ba su labarin yana da mata mai buga rubutu ba ta duba yatsunta. Ban san yana zancena a ruga ba. Na sunkuyar da kai, ita ta dafa mini gwiwa, muka zauna haka har iska ta fara kaɗa ƙoren da ke rataye.

Ruwan ya kwana uku yana zuba. Rafin da muka ratsa da ƙafa ya zama gulbi mai jan itace, ba babur, ba jirgi, mazan rugar suka ce ko saniya ba za su sa a ciki ba. Wayata ta mutu a rana ta biyu, ko da ba ta mutu ba ma babu sabis. Zan faɗi abin da ya fi yi mini nauyi. Kwana biyun farko ban damu ba. Nakan zauna bakin bukka ina kallon ruwa na sauka a bayan shanu, tururi na tashi daga jikinsu, ana ba ni labaran Malam ɗaya bayan ɗaya, yadda ya taɓa kwana a kan saniya mai naƙuda, yadda yake tsoron kare. Na ji daɗin zaman nan. Sai a rana ta uku, ina kallon matar Sambo na shayar da ɗanta, maganarki ta bayanki ta faɗo mini kamar yanzu kika faɗe ta. Na tashi na nufi rafin cikin ruwa, na tsaya a bakinsa ina kallon wancan hayin har aka zo aka janye ni.

Rana ta biyar aka sami mai kwale-kwale ya tsallakar da ni. Na iso Bagudo da azahar. Tun daga kan kwana na hango tabarmi a ƙofar gida da takalman maza a zaure, irin yadda aka yi wata huɗu baya da rasuwar Malam. Hassi ta tare ni a tsakar gida ta riƙe mini hannu. Ta ce naƙuda ta taso washegarin tafiyata, sun kai ki asibiti, kin haifi ɗiya mace, ƙarama ƙwarai. Ta yi kwana biyu tana numfashi da ƙyar, sannan ta koma. An yi mata huɗuba da sunana. Jiya aka kai ta.

Na shiga ɗaki da laka har gwiwa. Kina kwance kin fuskanci bango. Na zauna a bakin gado, na rasa ta inda zan fara, na kira sunanki. Kika amsa ba tare da kin juyo ba.

"Kin kai mata?"

"Na kai."

"Ta gane shi?"

"Ta gane shi."

"To," kika ce.

Na yi miki wankan jego kwana arba'in da hannuna, na dama miki kunun kanwa, na gasa miki jiki, muna magana a kan ruwa ya yi zafi ko bai yi ba. Mutane suka yi ta cewa kwananta ne ya ƙare, ko ina nan ba abin da zan hana. Na yarda da haka, Allah ne mai rayawa da kashewa. Amma ba a nemi in hana komai ba. An nemi in kasance a wurin in riƙe miki hannu, in ga fuskar takwarata, in karɓe ta daga hannunki lokacin da za a fita da ita. Hassi ce ta yi. Nura ya yi wata uku bai kira ni ba, da ya kira kuma abin da ya fara faɗa shi ne da na bar shi ya sa tauraron nan tun bazara, da hoton ya isa hannun tsohuwar tun kafin ruwa ya sauka. Ban yi masa musu ba.

Ranar da mijinki ya zo ya ɗauke ki, na koma ɗaki na buɗe baƙin allo. Na buga layin ƙarshe na littafin, da tauraronsa. Sunaye suka riƙa gudu daga ƙasa zuwa sama, ɗaruruwan wuraren da ban je ba suna wucewa ban ga ko ɗaya ba. Kafin a kira la'asar ta tsaya. Na juye su a memori guda biyar na ba wani ardo da ke zuwa kasuwar Lolo, na ce kowa ya nemi nasa. An ce mini har yau akwai rugagen da ake tura wa juna hotunan daga waya zuwa waya. Ni ban buɗe sauran ba sai bayan shekaru, kuma ko yanzu akwai waɗanda ban gani ba.

Ban taɓa ce miki ki yafe mini da baki ba, Asma'u. Na yi ta jira in sami ranar da ta dace, ke kuma kina gaishe ni da ladabi kowace Juma'a, muna tambayar juna lafiya. Shekara uku muna haka. Sai wata safiya kika kira daga Birnin Kebbi kika ce cikinki ya shiga wata bakwai, likita ya ce kada ki yi doguwar tafiya, ko zan zo in zauna da ke. Kafin in amsa kika ƙara da cewa in taho da kwamfutar, akwai wuta a unguwarku, zan iya aikina a nan ba mai damuna. Ba da gatse kika faɗa ba, da na ji gatse da ya fi mini sauƙi. Kin riga kin yanke a ranki cewa haka uwarki take, kin yi mata wuri da kayanta.

Washegari na hau motar farko. Na same ki a tsakar gida zaune kan tabarma kina tsince shinkafa, kin miƙe ƙafafu. Kika dubi hannuna, jaka ɗaya ce ta tufafi da ƙullin kanwa. Kika tambaye ni ina kwamfutar, na ce na baro ta Bagudo. Kika ci gaba da tsintar shinkafarki na ɗan lokaci, sannan kika ja farantin gefe, kika matsa kika bar mini rabin tabarmar. Na zauna. Ba a jima ba kika kamo hannuna ba tare da kin dube ni ba, kika ɗora a gefen cikinki, kika ce in dakata, yanzu zai sake.